Matajin Akwati na Tara

Takardar ta zo ranar Litinin, shafi uku, kuma sai a ƙasan shafi na uku aka faɗi abin da ake son faɗa: cikinmu 'yan sa-kai talatin da ɗaya da muke zagayawa da baƙi a gidan tarihin, takwas za a bari. Shafi biyun farko sabuwar manufar gidan ce. A tsaye na karanta ta a kicin, na ci karo da kalmar "murya" sau goma sha ɗaya. Shekara talatin da huɗu na yi ina jera littattafai a laburare, don haka na san takardar da aka rubuta don a karanta, na san wadda aka rubuta don a ce an rubuta. Wannan irin ta biyun ce, sai dai ƙarshenta yana cizo.

Gidan tarihinmu ba wancan babban na kan tudu ba ne, wanda motocin baƙi ke yin layi a ƙofarsa. Namu tsohon gidan ajiyar fatu ne a bakin kogin Arve, ɗaki biyar, mallakar wata ƙaramar ƙungiya da ta yi shekara sittin tana aika wakilanta su ziyarci fursunoni a ƙasashen da ake yaƙi. Matata Odile tana cikin waɗanda aka riƙa aikawa, har shekara ashirin da biyu. Ni sau ɗaya na taɓa wuce garin Lyon, kuma ban ji daɗin tafiyar ba. Da ta rasu, yau shekara shida, suka ba ni aikin ranar Alhamis don tausayi, daga goma na safe zuwa biyar na yamma. A duk mako ita ce rana ɗaya da wani zai lura idan ban tashi daga gado ba.

Sharaɗin zama cikin takwas ɗin shi ne, bayan mako uku kowa ya zaɓi kaya ɗaya daga cikin na gidan, ya tsaya gaban kwamiti minti goma, ya ba da labarinsa, daga abin da ya gani da idonsa ko ya ji daga bakin wanda ya gani. Wanda bai san mutanen nan ba zai ce ai an yi musu gata, tunda kusan dukkansu tsofaffin wakilai ne. Amma ranar da aka ɗauke su aiki suka sa hannu cewa abin da suka gani a kurkuku sai rahoto, rahoton kuma sai hukumar da ke riƙe da kurkukun. Da wannan alkawarin ake buɗe musu ƙofa. Suna iya gaya maka yadda suke aiki tun safe har rana ta faɗi, amma ka tambaye su me suka tarar a ciki, sai su dubi takalminsu. Sun yi ritaya, haƙoransu sun zube, shirun yana nan daram.

Ranar Alhamis na tarar da Ruedi Amstutz a ɗakin ma'aikata yana cin burodi da cuku, ya mai da takardar faranti. Ruedi direba ne, shekararsa saba'in da shida, mutumin ƙauyukan Bern, har yau in yana magana sai ka ce tsakuwa yake taunawa. Shi ya tuƙa Odile a tafiya huɗu.

"Ga shehun malami ya iso," in ji shi. "Ka karanta? Zo ka fassara mini. Ni dai takwas kawai na gane."

"Takwas ɗin ne kaɗai a ciki."

"To mene ne gidan zai zama murya? Gini ne fa. Lasifika za a ɗaura masa?"

"Kai za a ɗaura wa. So ake ka ba yara labari har su yi hawaye."

"Ai ina ba su labari. Ina nuna musu yadda ake canza taya a cikin taɓo."

"Shi ya sa suke kallon waya."

"Kai da kake jero musu sunayen matattun masana fa, me suke kallo? Ƙofa." Ya kakkaɓe ɓurɓushin burodi daga kan manufar gidan. "Ni ba zan yi ba, Gaspard. Zan je in tsaya in faɗi abin da na saba faɗa. In sun sallame ni, ina da lambu."

Ni ba ni da lambu. Ɗaki uku gare ni a unguwar Plainpalais, da maƙwabciyar da ke gaishe ni da sunan wanda ya zauna a gidan kafin ni.

Da rana Madam Solène Vuagnat, sabuwar shugabar gidan, ta same ni a ɗaki na uku, inda ake ajiye kyaututtukan fursunoni. Doka ce wakili ba ya riƙe kyauta, yana dawowa zai miƙa ta ga ofis. Haka muka tara akwatunan gilashi cike da tsuntsayen sabulu, da jirgin ruwa na tsinken ashana, da zobban wayar lantarki. A akwati na tara akwai mataji da aka yanko daga gindin bokitin roba mai ruwan ɗorawa, haƙoransa goma sha ɗaya. Katin da ke ƙarƙashinsa ya ce: "Mataji. Roba. An ba wakiliya O.M., 1987." Babu ƙasa, babu gari, babu sunan wanda ya yi shi. O.M. ita ce Odile.

Na so a ce matar nan sakarya ce, da abin ya zo mini da sauƙi. Ba sakarya ba ce.

"Malam Mermoud, dubi katin nan," ta ce. "Mutum ya zauna a ɗakin duhu ya yi makonni yana goga roba a siminti, mu kuma muka rubuta 'roba'. Sunan wa ke jiki? Na wakiliyarmu. Shekara sittin muna cewa shirunmu kariya ce gare su. Sau da yawa haka ne. Wani lokacin kuma shirun ne ya fi mana sauƙi. Bara na bi 'yan makaranta ɗaki ɗaki, ba wanda ya tsaya gaban akwati fiye da daƙiƙa ashirin."

"Kin auna?"

"Na auna."

"Ranki ya daɗe, ni ma in da hali ba zan tsaya gaban yaran fiye da haka ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tsofaffin wakilai na san ba za su buɗe baki ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma kai ba ka sa hannu a takardar kowa ba. Shekara arba'in kuna tare. Abin da ta gaya maka a gida naka ne. Ina sa rai da kai."

Na ce mata za mu gani.

Babu abin da Odile ta taɓa gaya mini. Takan dawo a rame, ta yi barcin kwana biyu, ta tashi ta tambaye ni ko an gyara famfon banɗaki. In na ce yaya can, ta ce akwai zafi, ko ta ce an sha ruwan sama. Yaƙin da ta fito daga cikinsa a jarida nake karanta shi, kamar mai sayar da taba na kan kwana. Idan aka gayyace mu cin abinci aka yi mata tambaya ta kauce, sai mutane su juyo su dube ni, ni kuma in gyaɗa kai a hankali kamar mai ɗauke da babban sirri, alhali babu komai a cikina sai miyar da muka sha. Na yi fushi da ita a kan wannan shekara da shekaru, ban taɓa gaya mata ba. Ta wannan fannin dai mun dace da juna.

Makon nan na farko ban iya zama ba. In zauna da littafi, in tashi in buɗe taga, in rufe, in sauka in zagaya filin Plainpalais, in dawo in tarar ban san me na fita nema ba. Na zazzage kwalin katunan da ta riƙa aiko mini. Duka ta jakar ofis suka zo, babu kan sarki balle in ga ƙasa. Na ware na 1987, guda tara. A ɗaya ta ce in shayar da furen kan taga. A wani ta tuna mini ranar haihuwar mahaifiyata. A wani ta ce takalminta ya yage. Na karanta su ta gaba, na karanta ta baya, har na ɗaga su a hasken taga kamar ɗan sanda. Takalmin dai ya yage, shi ke nan.

Ranar Talata na hau bas zuwa lambun Ruedi a bayan gari. Na same shi a durƙushe cikin kabeji.

"Matajin akwati na tara," na ce. "Kana wurin?"

"Ina waje a mota."

"Kullum kana waje a mota. Sai ka ce a tasha ka yi shekara talatin ɗin aikinka."

"Aikin direba ke nan. Matsa, kana taka mini albasa."

"Ruedi, ta mutu. Gwamnatin da ta tsare mutumin ƙila ta faɗi sau uku tun lokacin. Wa kake karewa?"

"Ban sani ba. Shi ya sa."

"Ni fa mijinta ne."

Ya ɗago ya dube ni, ƙasa a gemunsa. "Ai ita ma ta san da haka."

Ya yanko kabeji ɗaya ya ba ni. Na bar shi a kujerar bas da gangan.

A hanyar dawowa na yanke shawara. Mutumin da ya yi rayuwarsa a laburare ya karanta littattafan tsofaffin fursunoni fiye da ɗari, na kowace nahiya, kuma kurkuku ba ya bambanta da kurkuku sosai. Na zauna na gina mutumina. Na yi shi malamin lissafi na makarantar firamare, mai koya wa 'yan ɗakinsu rabawa da farce a jikin bango. Kullum da safe, kafin a fito ƙirga, sai ya taje kansa tsaf, don kada masu gadi su ga sun karya shi. Ranar da ya ji za a ɗauke shi zuwa inda ba a dawowa, sai ya damƙa wa Odile matajin, ya ce ya gama da shi. Na rubuta, na soke, na sake. Na cire duk wata kalma mai ƙyalli, don na lura waɗanda suka ga abu da idonsu ba sa yi masa ado. Na bar wuri ɗaya da zan yi kamar na manta, in dawo in gyara. Na riƙa maimaita shi ina tafiya a bakin kogi, har masu yawo da karnuka suka fara ba ni hanya.

Ranar Asabar ɗin gwaji aka jera kujeru a ɗaki na uku. Kwamitin mutum uku ne: Madam Vuagnat, da wata malamar makaranta, da wani dattijo daga hukumar gidan da ya yi ta duba agogo. An bar mu mu kalli juna, don a nan ba a yin komai a ɓoye sai abin da ya fi muhimmanci.

Abin tausayi na gani, ko abin dariya, har yau ban tantance ba. Wata tsohuwar nas, Madam Burnier, mai shekara tamanin, wadda kowa ya san ta shiga wuraren da sojoji ke tsoron shiga, ta tsaya gaban tsuntsun sabulu ta ce, "Mukan nemi ganin fursuna ba tare da mai gadi ba. Mu rubuta sunansa. Mu dawo bayan wata uku mu tabbatar yana nan."

Malamar makarantar ta ce, "Amma ke, Mama, me kika gani?"

"Abin da na rubuta a rahoto."

"Rahoton fa?"

"Yana inda aka ajiye shi, 'yata."

Haka suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, da sandunansu da na'urorin jin maganarsu, kowa ya faɗi yadda ake aiki ya koma ya zauna. Ruedi ya yi minti goma cif a kan taya da taɓo da katakon da ake sawa ƙarƙashin jak. Dattijon hukumar ne kaɗai ya saurare shi, da alama ya taɓa maƙalewa.

Da aka kira ni na tsaya gefen akwati na tara na ba da labarin malamin lissafi. Ban ɗaga murya ba. Na yi mantuwar da na shirya, na gyara ta. Da na kai inda ya ce ya gama da matajin, malamar makarantar ta cire tabarau tana goge ido. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ji daɗi. Minti goma na yi ina mijin da matarsa take dawowa ta ba shi labari, kuma matsayin ya yi mini daidai kamar tela ya auna ni.

Ruedi ya tare ni a kan gada bayan an tashi. Iskar arewa tana kaɗawa, ya cusa hannuwa a aljihu.

"Malamin lissafi, ko?"

"Kai da kake waje a mota, ina ruwanka?"

"Yana taje kansa kullum da safe."

"Haka ta ce."

"Ƙarya kake, tsohon banza, ba ta ce ba. Wane kan zai taje? Ƙwal-kwabo ake musu duk mako, maza ɗari uku, babu mai silin gashi ɗaya a kurkukun nan. Ka tsaya gaban mutane ka ɗora mata wannan shirme, da sunanta..."

Sai ya tsaya. Na ga fuskarsa ta canza, kamar wanda ya ja birki ya ji babu.

"Ban faɗa ba," in ji shi.

"Ka faɗa."

"To na yi kuskure. Na farko cikin shekara arba'in, kuma kai ka ja." Ya juya ya nufi tashar bas. Na kira shi sau biyu, bai waiwayo ba.

Na daɗe a kan gadar. A gidan da babu mai gashi, wani ya yi makonni yana goga gindin bokiti a siminti yana fitar da haƙoran mataji. Kan mutum ɗaya ne mai dogon gashi yake shigowa ta ƙofar nan, sau ɗaya a wata uku: na Odile. Gashin Odile dogo ne, ja-ja, kuma ba ta taɓa iya ɗaure shi da kyau ba. Kafin ta gama shan gahawa ya kwance ya zubo mata a ido, ta riƙa ture shi da bayan hannu tana rubutu. Ni na yi shekara arba'in ina ganin wannan, abin da na taɓa yi a kai shi ne in ce mata akwai gashi a kwamin wanka. Wani kuwa ya gan shi na minti ashirin, ya koma ɗakinsa ya fara aiki.

Kwana huɗun da suka biyo baya ban san iyakar tafiyar da na yi ba. Na je unguwar Carouge a ƙafa, na dawo, na koma. Ko ta sa matajin a kanta, ko sau ɗaya, kafin ta miƙa shi ga ofis? Ko ta yi tunanin ɓoye shi a jaka? Ta miƙa dai, doka ce. Ta dawo gida ta tambaye ni famfo. Na yi kishi da mutumin da ban san sunansa ba, wanda ƙila ya mutu tun ban yi furfura ba, na kuma ji kunyar kishin, sannan na sake yin sa. Abu ɗaya tak na sani game da shekara ashirin da biyun aikinta, kuma da ƙarya na saye shi.

Ranar Laraba da safe Madam Vuagnat ta kira ni ofishinta. Jerin takwas ɗin yana kan tebur, sunana ne na farko. Babu Ruedi, babu Madam Burnier. Kusa da jerin ta shimfiɗa wata babbar takarda: labarin malamin lissafi ne kalma da kalma, da hoton Odile tana dariya a jikin wata mota, da cikakken sunanta a ƙasa.

"Wannan zai hau bango a saman akwatin," ta ce. "Zai kuma shiga ɗan littafin da muke raba wa makarantu. Duba mini ko akwai kuskure kafin in aika."

Na karanta har ƙarshe, don sabo. An rubuta shi da kyau, ni na rubuta.

"Akwai kuskure," na ce.

"A ina?"

"Duka. Babu malamin lissafi. Ni na haɗa shi daga littattafai. Matata ba ta taɓa gaya mini komai ba, ko sunan gari."

Ta zauna a hankali. Ta dubi takardar, ta dube ni. Na jira faɗa, don na shirya masa amsoshi masu kaifi tun a hanya. Ba ta ba ni damar amfani da su ba.

"Ranar Asabar ka san ƙarya ce, kuma ka yi ta lafiya lau," ta ce. "Me ya canza daga Asabar zuwa yau?"

"Yanzu bango zai hau. Magana iska ke ɗauke ta."

"A'a. Ka shigo nan kamar wanda ya ji wani abu. Wani ya gaya maka na gaskiyar."

Na dubi taga. Wata babbar mota tana sauke kwalaye a ƙofar baya.

"Malam Mermoud, ba tarko nake ɗana maka ba. Ba na son sunan kowa, ba na son ƙasa. In ka san abu ɗaya na gaskiya game da matajin nan, ba ni shi. Ko jimla ɗaya ce. In yaga wannan, in manta da Asabar, Alhamis taka ce har ranar da ka gaji."

Jimlar tana bakina, gajera ce, kuma ta fi duk abin da na ƙirƙira. Na san zan iya faɗarta sau huɗu a rana ba ta tsufa ba. Na nemi wanda za ta cutar ban samu ba. Mutumin ƙila ya mutu. Ƙila kuma yana raye, tsoho kamata, da mata da jikoki, a garin da mai gadinsa na da yake sayar da man fetur a bakin hanya. Askin nan na duk mako yana cikin wani rahoto da aka yi alkawarin ba zai fita ba, alkawarin da ni ban ɗauka ba, na ma tsane shi tun ina da sauran ƙarfi. Ga kuma Ruedi a kan gada, da fuskar nan tasa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya isa hujja. Da a takarda wani ya kawo mini su, da na ja musu layi na ce ya sake. Duk da haka sai na ji ina kallon takalmina.

"Kai ma?" in ji ta. Ba da fushi ta faɗa ba, gajiya ce.

"Da alama."

"To ba ni da yadda zan yi. Ba zan ajiye wanda ya yi wa kwamiti ƙarya ba, in kori waɗanda suka yi masa shiru. Na tara a jerin zai hau."

"Wane ne na tara?"

"Wani tsohon akawun ofis. Yana da labarin yadda aka taɓa ɓatar da jakar wasiƙu."

"Yara za su so shi."

Ta naɗe babbar takardar, ta zare hoton Odile daga jiki ta miƙo mini. Ban taɓa ganin hoton ba. Na karɓa na sa a aljihun ciki, na cire katin shiga daga wuyana na ajiye mata a tebur, tare da makullin lokar da nake ajiye kayana. Sai na tuna ban kwashe kayana ba, dole na sake karɓar makullin, na sauka ƙasa, na dawo na sake miƙawa. Ko fita da mutunci sai da ta zo mini sau biyu.

Abin da ke cikin lokar bai cika leda ɗaya ba: takalmin da nake sawa a ciki don kada in yi ƙara a kan katako, da rigar sanyi, da kwalbar maganin tari. Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna na fito. Bas ɗina ya zo, ya tsaya, ya buɗe ƙofa, direban ya dube ni, na girgiza masa kai. Na bi bakin kogi da ledata tana bugun gwiwata. A tasha ta gaba ma ban tsaya ba. Gobe Alhamis, kuma na san jikina: ƙarfe shida zai tashe ni, in sa farar riga, in ɗaura taye, in sha gahawa a tsaye. Abin da zan yi da ƙarfe goma ne ban sani ba, kuma ina ta sauri kamar akwai wanda ke jirana a ƙarshen hanyar.